Kaset ya dawo ne, ko dama bai tafi ba?

Kawu Illa: Jama'ar fada ku taya ni jin takaici. Na dawo daga Tahoua na tarar yara sun ba mai shara kwali biyu na kaset ɗina, TDK da Maxell, wai tarkace ne. Har da wanda marigayi Baba ya aiko daga Abidjan da muryarsa, yana lissafa wa za a ba buhun hatsi, ana jin zakara na cara a bayansa. Ga shi mawaƙa a Ingila da Amurka sun koma fitar da sababbi. Kaset ya dawo, mu kuma muna zubarwa.

Nasiru: Kawu, ya dawo ina? Zaga kasuwar Katako ka samo mini rediyo mai cin kaset sabuwa dal, ni zan biya.

Malam Sani direba: Sai abin da ya tafi ake cewa ya dawo. Ni daga Yamai har Konni da kaset nake jin wa'azi, gargada ba ta sa shi tsalle kamar CD.

Nasiru: To ai ba dawowa ba ce, motarka ce ta ƙi tsufa da mutunci.

Malam Sani: Yaro, ka kiyaye harshenka. Da wannan motar aka kai kayan aurenka.

Hadiza: Kamfanin Philips ne suka fito da kaset a 1963. Injiniyan nasu, Lou Ottens, shi da kansa daga baya ya shiga aikin CD. Mai abu ya wuce gaba, ku kuna jan zaren kaset da biron bik.

Ɗan Adar: Hadiza, da fensir ake naɗewa.

Hadiza: Fensir zamewa yake. Bik ne ke kama haƙoran.

Ɗan Adar: 'Yan Yamai komai kun fi kowa sani. Mdou Moctar ɗan yankinmu ne, kuma ta kart memwar da bulutut waƙoƙinsa suka zaga Sahara. Wane kaset?

Malam Sani: Au, kai yanzu kana bayan Nasiru ke nan? Ba ku Adarawa ne kuka cika ƙauyuka da kaset ɗin gaisuwa daga bakin teku ba?

Ɗan Adar: Biɗar kuɗi muka je, ba mu zauna shan shayi a fada ba.

Nasiru: Ka taɓo mai gida.

Kawu Illa: Ni fa muryar Baba nake magana.

Hadiza: Wa ke da bik a kusa ya gwada ya turo hoto?

Mai kula da zaure (Bashir): To, a taƙaice. An gane kaset bai dawo ba, yayi ne na Turawa masu kuɗin banza. Waya ta fi, kamar yadda Nasiru ya nuna da hujja. Malam Sani bai kawo komai ba sai motarsa. Batun bik an bar wa Hadiza. Wanda ya sake ambaton Adar zan fitar da shi.

Malam Sani: Wace hujja? Ba kai ke da shagon tura waƙa a Wadata ba?