Yanyawa ta addabi lambuna, yaya zan yi ta daina zuwa?

MaiLambu:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina neman shawara wajen waɗanda suka san harkar lambu. Ina da ɗan lambu a bayan gida, ba wani babba ba, tumatir ne da latas da karas sai yan furanni da uwargida ta sa a gindin katanga. To yau kusan sati 3 kenan kullum in na fito da safe sai in tarar an tone min fangali, shukar da na dasa jiya an tumɓuke ta an yar a gefe, kuma ba ci ake ba, abin da ya fi ƙona min rai kenan, tonewa kawai ake a watsar. Da farko na ɗauka magen maƙwabta ce har na so in je in yi magana, sai shekaranjiya wajen ƙarfe 5 na asuba na leƙa ta taga na ganta da idona, yanyawa ce, ja-ja haka da jela buzu-buzu mai farin baki, ta kafa hanci a tsakiyar karas ɗina tana tono. Na buga taga, ta ɗago ta kalle ni, ta haye katanga ba ko gaggawa.

Bayan tonon kuma tana barin kashi a kan hanya daidai inda yara ke wasa, ga wari, ta ɗauke safar hannuna ɗaya da takalmin ƙaramin yarona. Na barbaɗa garin barkono, na bar fitila a kunne duk dare, kwana 2 ta yi ba ta zo ba ta dawo abinta. Gashi ina da niyyar kawo kaji 4 wata mai zuwa, yanzu jikina ya yi sanyi. Me kuka gwada ya yi aiki da gaske?

Dattijo58:
Wa alaikumussalam ɗan uwa. Ruwa ba ya tsami banza, yanyawa ba ta zarya gida don sha'awar karas, akwai abin da take samu a wajenka. Kafin ka kashe kuɗi a kan komai amsa min waɗannan. Wane taki kake sawa? In irin na garin ƙashi ne ko na jini ko na kifi to ka samu amsarka, hancinta na gaya mata akwai mushe a binne sai ta yi ta tono tana nema, shi yasa ba ta cin shukar, ba ita ta zo nema ba. Kuna barin abincin mage ko na kare a waje da dare? Kwandon shara yana da murfi mai kamawa ko leda kuke ajewa a ƙasa? In kana tara takin gida, ana zuba sauran nama ko ɓawon ƙwai a ciki? Akwai bishiyar da ke zubar da ya'ya ba a kwashewa?

Mutane na ɗauka nama kawai take ci, a'a, tana cin tana, tana cin tsutsar ƙasa da buzuzu da ɓera da ya'yan itace, kuma ƙasar da aka yi wa ban ruwa da yamma ta yi laushi, tanar da ke cikinta ta taso sama, gare ta wannan shimfiɗaɗɗen abinci ne. Mayar da ban ruwanka da safe ka gani. Sannan tana da halin ɓoye abinci, in ta samu fiye da cikinta sai ta binne don gobe, ƙasar fangali kuwa tafi ko'ina sauƙin tono, kar ka yi mamaki wata rana ka tono ƙashi ko ƙwai a gindin tumatir.

Barkono da fitila da rediyo duk na gwada a lokacina, kwana kaɗan ne ta saba.

Sarkin_Aiki:
Malam kar ka wahalar da kanka, ka sa mata guba a nama ko ka ɗana tarko ka kai ta can nesa ka sake, magana ta ƙare.

UmmuKaji:
Haba Sarkin_Aiki, guba a gidan da mutum ya ce yaransa na wasa a wajen? Naman da ka sa wa guba ba ya zaɓen wanda zai ci, magen maƙwabci ce ko kare ko tsuntsu, ita kanta yanyawar tana iya ɗaukarsa ta je ta binne a gidan wani. A ƙasashe da yawa ma laifi ne a doka. Kuma ko ka kashe ta ko ka ɗauke ta ba ka yi maganin komai ba, kowacce tana da yankinta da take tsarewa da warin fitsari da kashi, wannan kashin da ake gani a kan hanya a fili ba ɓoye ba alama ce take sawa cewa nan nawa ne, ranar da warin ya ɓace wata ta kusa za ta gane waje ya zama ba mai shi ta shigo, abincin da ya jawo ta farko yana nan yana jiranta.

MaiLambu ni maganar kajin ce ta sa na shigo, don abin ya taɓa ci na. Kaji 7 gare ni, na yi musu akurki da irin siririyar wayar nan ta kaji mai ido shida, ina ganin na gama. Wata safiya na fito na tarar gashi ko'ina, ta ja wayar da haƙori ta ɓare ta daga jikin katako ta ƙasa, 5 a kwance, ɗaya babu, ɗaya ta maƙale a saman sanda tana karkarwa, wlh ranar ko karyawa ban iya ba. Na daɗe ina cewa mugunta ce, daga baya na fahimci in ta shiga wajen da kaji ke ta fiffika ba hanyar gudu sai ta yi ta kamawa, da niyyar ta dawo ta kwashe ɗaya bayan ɗaya ta ɓoye.

Wannan siririyar waya tana hana kaza fita ne kawai, ba ta hana komai shiga. Ka nemi mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ƙananan ido, ka kafe ta da kyau ba da yan ƙananan ƙusoshi ba. Tsawo ya kai mita 2 kuma ka rufe saman, don tana hawa kamar mage, kai ma ka ga yadda ta yi da katangarka. Ta ƙasa kuma, nan ne mutane suka fi sakaci, ko dai ka binne wayar kamar santimita 40 ko ka lanƙwasa ta waje ta kwanta a ƙasa kamar rabin mita ka rufe da ƙasa ko duwatsu, ita a gindin shinge take fara tono, in ta ci karo da waya ba ta da dabarar ja da baya ta faro daga nesa. Duk ramin da ya kai santimita 10 zuwa 12 ka ɗauka ƙofa ce a wajenta. Ƙofar akurki a sa mata sakata ta gaske, kuma a rufe kaji kafin magariba kullum, ba wai yawancin ranaku ba, ni daren da aka yi min ɓarnar ma a makare na rufe su ban duba gindin wayar ba.

MaiLambu:
Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo wlh kamar kana gidan, na je na duba buhun takin da na saya, garin ƙashi da jini ne a rubuce, kuma lissafi ya nuna satin da na fara sa shi ne tonon ya fara. Ga kwanon mage da muke bari a bakin ƙofar kicin. Hajiya Allah ya mayar miki da alheri, na fasa kawo kajin sai na gyara wajen.

Sai dai wani abu kuma, da nake zagayawa na ga rami a ƙarƙashin ɗan sito na katako da nake aje kayan aiki, ƙasa sabuwa a bakinsa ga wari, har safar hannuna na gani a wajen duk an tattauna ta. In cika shi da siminti yau?

Dattijo58:
A'a kar ka toshe tukuna. In da ya'ya a ciki ka rufe su da rai, wannan zalunci ne, ga warin da zai dame ka, uwar kuma za ta tone rabin lambun tana neman hanyar kaiwa gare su. Sau ɗaya take haihuwa a shekara, goyon cikinta kwana 52 ne ko kusa da haka, ya'ya 4 ko 5 galibi, suna yin kamar wata guda a rami kafin su fara leƙowa. Tauna safa da satar takalmi ma yawanci aikin ƙanana ne masu wasa, shi yasa nake zargi.

Ga yadda za ka gane, ka cusa busasshiyar ciyawa ko takarda a bakin ramin sakwa-sakwa yadda za a iya turewa, ka duba kullum da safe. In an ture, akwai mai shiga. In abin ya kai sati yana nan yadda ka sa shi to ba kowa, sai ka cike da duwatsu ka sa waya mai kauri zagaye da gindin siton, ita ma a lanƙwasa ta waje kamar yadda Hajiya ta ce. In kuwa akwai ya'ya, ko ka yi haƙuri su girma su bar ramin da kansu, ko ka riƙa yawan kai-kawo a wajen, ka share ciyawa da tarkacen da suka rufe bakin, uwar ba ta son wajen da ya tonu, sau da yawa da kanta za ta kwashe su ta mayar wani ramin.

Zee_Vet:
Ƙarin bayani kan kashin tunda akwai yara. Kar a taɓa da hannu, a sa safa ko a kwashe da shebur a ƙulle a leda, a wanke wajen sosai da ruwa da sabulu don warin ya fita, in ba haka ba za ta dawo ta sake a daidai wajen. Yana iya ɗaukar ƙwan tsutsar ciki mai kama mutum, musamman yara masu wasa da ƙasa suna kai hannu baki, don haka latas da karas a wanke da kyau, magen gida a ba ta maganin tsutsa. In kun ga gashin yanyawar na zubewa tana yawan susa ƙazwa ce, kare na iya ɗauka. Ba ta cika kai wa mutum hari ba, gudu take, amma kar yara su saba mata da miƙa abinci. In ta ciji wani ko ta yakushe shi a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a tafi asibiti a ranar, saboda a wasu yankunan tana ɗauke da ciwon haukan kare.

UmmuKaji:
Na manta, cikin duk na'urorin da ake tallatawa wadda na ga amfaninta ita ce mai fesa ruwa in ta ji motsi, ana haɗa ta da tiyo, amma ka riƙa canza mata waje duk bayan yan kwanaki in ba haka ba za ta gane inda ruwan ke tsayawa ta zagaye. Mai ƙarar nan da kunnenmu ba ya ji ni dai ban ga ta yi min komai ba.

MaiLambu:
Na dawo da labari bayan kwana 12. Na daina takin ƙashin, na kwashe saman ƙasar inda na barbaɗa shi, kwanon mage yana shiga ciki da magariba, shara ta samu murfi, ban ruwa ya koma safe, sabon dashen kuma na shimfiɗa masa raga a ƙasa na danne da duwatsu. Sau ɗaya kawai aka yi tono tun lokacin, a gefen da ragar ba ta kai ba. Har yanzu ina ganin sawunta a gindin katanga amma da alama wucewa take. Ramin kuwa Baba ka yi gaskiya, washegari na tarar an ture takardar, jiya da magariba na ga ƙanana 3 suna kokawa a bayan siton, yara na hana su zuwa ta wajen. Siminti na aje shi, zan ci gaba da sa takardar ina dubawa. Hajiya in na tashi yin akurkin, wayar da za ta kwanta a ƙasa ita ma mai kaurin zan sa ko siririyar ta isa tunda ƙasa za ta rufe ta?

UmmuKaji:
Mai kaurin dai Malam, siririyar tsatsa take yi a cikin ƙasa ta ruɓe ba ka sani ba. Ka haɗa ta da ta tsayen da kyau, kusurwoyi huɗun nan ka ninka su, ta nan ta fi gwadawa.