Shin Kula da Mutuncin Ma'aikaci Yana Cikin Aikin Kwalejin Fasaha?

Injiniya: Assalamu alaikum. A ganina, aikin kwalejin fasaha ya tsaya ga koya wa ma'aikaci sarrafa sabon inji, karanta zanen aiki da kiyaye ƙa'idojin kariya daga haɗari. Yadda ake mu'amala da shi a masana'anta kuwa nauyi ne na masu kamfani, kuma kwalejin da ta tsoma baki a wannan ta wuce gona da iri.

Malamar kwaleji: Wa'alaikumus salam, Injiniya. Ban yarda da wannan rabon ba. Masu zuwa ƙarin horo galibi manya ne masu iyali, waɗanda suka daɗe a bakin aiki. Idan kamfani ya turo mutum aji bayan ya kwana yana aiki, ba a rage masa nauyi ba, ba a kuma biya shi sa'o'in karatun ba, abin da zai ɗauka kaɗan ne. Saboda haka ranar da kwaleji ta zauna da kamfani don tsara jadawali, ta riga ta shiga rayuwar ma'aikacin, ko ta so ko ta ƙi.

Wakilin ƙungiyar ƙwadago: Gaskiyarki, Malama. A Jamus, inda dokar koyon sana'a ta fara aiki a 1969, mai koyo yana yin kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, ana kuma biyan sa duk wata. Abin da ya fi burge ni shi ne kwamitin jarrabawa, domin wakilan ma'aikata suna zama a ciki daidai da adadin wakilan masu kamfani, tare da malamin makaranta. Takardar shaidar da mutum ya samu tasa ce, ana amincewa da ita ko ya sauya wurin aiki, don haka ba ya zama ɗan amshin shatan kamfani guda.

Injiniya: Ai ka ƙarfafa hujjata, ranka ya daɗe. Doka ce ta yi wannan, ba kwaleji ba. Birtaniya ma ta ɗora wa manyan kamfanoni harajin horo na kashi 0.5 cikin 100 na jimillar albashi tun 2017, amma an soki yadda wani ɓangare na kuɗin ya tafi ga kwasa-kwasan shugabanci na manyan jami'ai. Wace kwaleji ce ta iya hana hakan?

Jami'ar kula da ma'aikata: Ba ta iya hanawa, amma akwai abin da ke hannunta. Ma'aikacin da ya daɗe a bakin aiki yakan ɗauki kiran horo a matsayin share fagen sallamarsa, musamman idan sabbin injuna sun iso. Kwalejin da ta fara da tantance abin da ya riga ya iya, ta ba shi makinsa, maimakon ta mayar da shi ajin farko, ta kawar da rabin wannan tsoron. Haka kuma tana iya horar da masu sa ido a kan aiki su iya sauraron na ƙasa da su. A masana'antun Toyota, ma'aikaci yana da ikon ja igiya ko danna maɓalli don a kawo ɗauki, har a tsayar da layin haɗa motoci, idan ya ga matsala, kuma ƙwarewar gano matsalar ba ta da amfani ga wanda ke tsoron buɗe baki.

Injiniya: Batun tantance ƙwarewar baya na karɓa, Hajiya. Amma horar da masu sa ido sai kamfani ya amince ya turo su, kuma wanda ya fi buƙatar horon shi ne ba ya turowa.

Malamar kwaleji: To, sai kwalejin ta sanya shi cikin sharuɗɗan yarjejeniya tun kafin a buɗe aji.