Ɗaga ƙarfe na tsumburar da yaro?

Baban Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 12 ya matsa mini lamba sai ya fara ɗaga ƙarfe, ni kuma na hana. Tun tasowarmu abin da muke ji shi ne ƙarfe na danne ƙashi, yaro ya tsumbure. Duk wata uku nake tsayar da shi jikin bango in ja layi da fensir a saman kansa, kuma ba na son abin da zai tsayar da layin nan. Ku da kuka karanci abin, ina gaskiyar take?

Tsohon Ɗan Tsere: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai, ƙanena. Gani ya kori ji. Dubi Naim Süleymanoğlu na Turkiyya, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 da 1992 da 1996. Tun yana ƙarami ya fara, tsawonsa kuma bai wuce mita 1.47 ba.

Ɗalibar Wasanni: Baba, a yi mini afuwa, amma wannan hujjar ta juya baya. Ƙwallon kwando ba ta ƙara wa kowa tsawo, dogaye ne ke cin ribarta shi ya sa suka cika filin. Haka ɗaga ƙarfe. Gajere tafiyar da ƙarfen zai yi daga ƙasa zuwa saman kansa kaɗan ce, kuma a rukunin marasa nauyi, wanda ya tara tsoka a gajeren jiki shi ke gaba. Naim na kilo 60 ya ɗaga kilo 190 a 1988, fiye da ninki uku na nauyinsa. Wasan ne ya zaɓo shi. In ƙarfe ke gajarta mutum, me za mu ce da Lasha Talakhadze na Jojiya, mai mita 1.97, wanda ya haɗa kilo 492 a jimillar ɗagawa biyu a 2021?

Anti Nas: 'Yata, kada ki yi saurin wanke ƙarfe tas. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai faifan guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ba ya rufewa sai wajen ƙarshen balaga. Faifan nan bai kai jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar ƙwari ba. Abin da zai zama targaɗe ga babba, ga yaro yana iya zama karaya a faifan. Na taɓa riƙe hannun wani yaro ɗan 13 da ya ɗaga ƙarfen yayansa sama da kai, ba kowa a gida. Wuyan hannun ya kumbura har agogo ya nutse ciki, sai da muka yanke igiyar agogon. Irin wannan karayar in ta yi muni ƙashin na iya karkacewa ko ya gaza ɗan uwansa tsawo. Har yau ina tuna fuskar uwar.

Koci: Allah ya ba shi lafiya, Anti. Amma duba abin da kika faɗa da bakinki: ƙarfen yayansa, kuma ba kowa a gida. Ai nan matsalar take. Irin wannan karayar ana samunta a ƙwallon ƙafa da faɗowa daga keke, ba wanda ya ce a ƙwace keke. Yaron da ya diro daga kan katanga, ƙafarsa na ɗaukar ninkin nauyin jikinsa sau da yawa a dira ɗaya, abin da ƙarfen kilo 5 ba zai taɓa ɗora masa ba.

Ɗalibar Wasanni: Kuma likitocin yara sun yi magana. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a bayaninta na 2008 da wanda ta sabunta a 2020, ta ce atisayen ƙarfi da aka tsara, ana kuma sa ido, ba a ga yana rage tsawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2020 ta ce 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako.

Tsohon Ɗan Tsere: To na ji, na janye maganar Naim. Amma yaron da bai balaga ba tsoka ba ta fito masa. Wahalar ta mece ce? A bar shi ya yi gudu.

Ɗalibar Wasanni: Gaskiyarka Baba, tsokar ba ta kumbura sosai kafin balaga. Amma ƙarfi na ƙaruwa, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon tayar da zaruruwan tsoka da yawa a lokaci guda. Ƙashi kuma yana ƙara ƙwari a inda ake ɗora masa nauyi, abin da likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana tun 1892. Shi ya sa hannun da ɗan tanis ke bugu da shi ya fi ɗayan kaurin ƙashi. Shekarun balaga kuwa su ne lokacin da jiki ya fi tara ƙashi, ni abin da ke damuna kenan in an ce a jira.

Koci: Ni da sanda nake fara wa yaro, ba da ƙarfe ba. Ya riƙe ta sama da kai ya tsuguna, ni ina durƙushe a gabansa ina kallon gwiwoyi. In suka faɗa ciki ko dunduniya ta ɗaga, muna nan ko da wata guda ne. Bayan nan nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 ba tare da bayansa ya lanƙwashe ba, kwana 2 ko 3 a mako, da hutun kwana a tsakani.

Anti Nas: A haka ba ni da ja. Sharaɗina biyu: ban da gwajin "wa ya fi ɗaga mai nauyi" tsakaninsa da abokai, kuma in ba babba a wurin, a kulle ƙarfen.

Tsohon Ɗan Tsere: Ni dai jikana sai ya kai 15. Ba kowane koci ne zai durƙusa yana kallon gwiwa ba.

Baban Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan bar shi ya fara da sandar, ni zan tsaya a kansa. Koci, don Allah yi mini bayanin yadda zai ajiye ƙafafunsa kafin ya tsuguna, da faɗin da zai bari tsakanin hannuwansa a kan sandar.