Wace ƙafar ɗora kyamara (tripod) ce za ta ɗauki kyamarar 4x5 ba tare da ta ci mini aljihu ba?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu tsohuwar kyamara Crown Graphic, mai cin babban fim mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5 (4x5), nauyinta kilo 2 da 'yan kai. Ƙafar da nake ɗora kyamarar dijital a kai na gwada, ina zura kaskon da ke riƙe fim a bayan kyamarar sai na ga kan ƙafar, inda ake ɗaura kyamara, ya sunkuya, saitin da na sha wahala a kai duk ya tashi a banza. Gine-ginen ƙasa nake son ɗauka, irin su Gidan Makama da abin da ya rage na badala. Kuɗin sabuwar ƙafa ƙirar Gitzo kam ba ni da shi. Me za ku ba ni shawara?

Baba Mai Hoto:
Wa'alaikumussalam ɗana. Ka daina kallon lambar kilo da suke rubutawa a kwali, wannan ta nuna abin da ƙafar za ta ɗauka ba ta karye ba ne, ba wai ba za ta yi rawa ba. Ita 4x5 matsalarta zugazugin nan da ke tsakanin gilashin gaba da bayan kyamara. Idan ka miƙe shi, iska na kama shi, ga kuma baƙin ƙyallen da ka lulluɓa a ka don ganin hoto lokacin saiti yana jan ta.

Nemi ƙafa ƙirar Tiltall ta hannu. A Amurka aka fara ƙera ta tun shekarun 1940, ta alminiyam ce, kan nata a haɗe yake da jiki, saboda haka ba sai ka sayi kai daban ba. Ga Crown Graphic ta isa har ta yi yawa. In ba ka samu ba, tsohuwar Manfrotto 055, wadda Amurkawa suka sani da Bogen 3021. Amma ka sa mata kai mai hannu uku. Kai mai ƙwallo kada ka kusance shi: kana kwance shi don gyara gefe ɗaya, kyamarar gaba ɗaya za ta kife, kai kuma kana ƙarƙashin ƙyalle kana kallon hoto a juye. Sandar tsakiya ta ƙafar, wadda ake ɗagawa don ƙara tsawo, kuma ka bar ta a ƙasa, ko da za ka duƙa.

Safiyo:
Baba ya gama magana, sai dai ni ƙafar safiyo ta katako nake amfani da ita. Katako na shanye girgiza fiye da ƙarfe, kuma tsinin ƙafafunta na nutsewa cikin ƙasa daram. Kaurin sukurunta 5/8 na inci ne, na kan da ake ɗaura kyamara kuwa 3/8, sai an haɗa da adafta. Nauyi fa akwai shi, in za ka hau Dala da ita ka nemi mai taya ka.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Baba, ƙurar hunturu fa? Ba ta kashe makullan ƙafar?

Baba Mai Hoto:
Na murɗawa irin na Tiltall kana iya warware su ka wanke ka mayar. Kada dai ka cika musu giris, shi ke riƙe yashi. Kuma kafin ka biya, buɗe ƙafafun duka, ka danna kan da tafin hannu, ka murɗa shi hagu da dama. In ka ji ɗan wasa, ajiye musu kayansu.