Neman shawara: zan sayi tsohuwar Land Cruiser, me zan duba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini tallar Land Cruiser samfurin 80, ƙirar 1994, injin dizal 1HZ, giyar hannu. Mita ta nuna kilomita 340,000. An sake mata fenti, sai sheƙi take yi. Ban taɓa riƙe mota mai ja da ƙafa huɗu ba. Don Allah masu sani, ta ina zan fara kafin in biya?

Wani bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, rabu da fenti tukuna, sau da yawa kyan ɗan maciji ne. A hau da ita kan rami, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da 'yar guduma. Ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen ƙafafun baya da inda bodi ya zauna a kansa, don can laka ke maƙalewa ta riƙe danshi. Tsatsar sama-sama ba komai ba ce, amma in ƙarfe yana ɓarewa ko guduma ta lotsa shi, ka haƙura da motar. Haka in ka ga sabuwar walda ko baƙin fenti mai kauri a wuri guda, ka tambayi dalili. Inji ana sauke shi a gyara, shasin da ya ruɓe kuwa wahalarsa ba ta ƙarewa.

Kana nan ƙasan, a kwance noti a duba man aksul na gaba da na baya. In ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, wato an sha ratsa kogi da ita ba a canza mai ba. Ka leƙa bayan tayoyin gaba: in mai da giris sun haɗu suna tsiyaya, sil ya mutu. Ka kama furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul, ka girgiza, kada ta yi wasa.

Tsohon direba: Oga ya yi gaskiya, sai dai ni ba na raina inji. Ka je mata da sassafe, kuma ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa, don masu sayarwa na son ɗumama shi kafin ka iso. Hayaƙi shuɗi, tana shan baƙin mai. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta ɗumama, ka zargi gasket. Baƙi kuma galibi nozul ne ko famfon mai. 1HZ lita 4.2 ne mai silinda 6, yana da juriya ƙwarai amma ba ya son zafi. Kuma bel ne ke juya taimin ɗinsa, ba sarƙa ba. In babu shaidar lokacin da aka canza, ka sa sabo da zarar ka saya.

Wata 'yar uwa: Kada a manta da takardu. Lambar da ke jikin shasi ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. Mita kuwa ana juya ta, ka dubi yadda sitiyari da fedar birki da ta kuloci suka siɗe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ita giyar ƙafa huɗun fa, yaya ake gwada ta?

Wani bakanike: Samfurin 80 iri biyu ne: wata kullum ƙafa huɗu ke ja, wata sai ka sa. In irin ta biyun ce, kada ka gwada a kan kwalta, haƙoran giya za ka takura. Nemi ƙasa ko yashi, ka kulle hob, wato makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba, in na hannu ne, ka sa ƙaramin sandan giya a H4, wato ƙafa huɗu ta gudu, ka ɗan yi tafiya. Sai ka tsaya cak, ka mayar da babbar giya firi, ka sa L4, wato ƙafa huɗu ta ƙarfi mai tafiya a hankali. Ya kamata ta shiga, ta zauna ba ta fisge kanta ba, ta kuma fita. Ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali. In ka ji ƙas-ƙas daga gaba, gaɓar aksul ta ci. Tayoyin huɗun ma su zama girma ɗaya. In mai motar ya hana ka wannan gwajin, kada ka tsaya ciniki.