Wa ya san mawaƙin nan na Rasha, Vinogradov?

Sadiq_Samaru:
Salam jama'a. Dan Allah akwai wanda ya san wani Georgi Vinogradov? Na ci karo da shi a YouTube, murya ce ta namiji amma siririya mai tashi sama, shi kaɗai da fiyano ba ganga ba komai, faifan ma tsoho ne har da shuuu ɗin nan a ƙasa. Ko kalma ɗaya bana ji amma wlh na kasa kashewa, waƙoƙi ne da yawa a jere kamar labari ake bayarwa. An rubuta Schubert a jiki, to shi ba Jamusanci yake waƙoƙinsa ba? Ya aka yi ya koma Rashanci?

Dattijon Tudun Wada:
Wa alaikumussalam ɗana. Ka tuna min da nisa, mu da muka yi karatu a Tarayyar Sobiyet lokacin ana gina Ajaokuta. Al'adarsu ce a wancan zamanin, waƙar Jamus ko ta Italiya sai sun mayar da ita harshensu kafin a rera, don talaka ma ya ji abin da ake faɗa. Vinogradov ɗan birnin Kazan ne a Rasha, an haife shi 1908 ya rasu 1980, kuma a rediyo ya yi suna, shi ya sa ba ya ɗaga murya irin ta masu cika babban zaure, makirfo na kusa da bakinsa, a hankali yake yi. Irin muryar tena suke ce mata.

Wanda ka saurara ina kyautata zaton jerin waƙoƙin nan ne da ake kira 'yar mai niƙa, Schubert mai tsara kiɗa ɗan Austria ya haɗa shi 1823, waƙa 20, baitocin na wani marubuci Bajamushe Wilhelm Müller. Saurayi ne mai koyon niƙa yake yawo yana bin rafi har ya kai gidan niƙan da ruwa ke juya wa dutse, ya samu aiki, ya kamu da son 'yar maigidan. Ana cikin haka maharbi ya ɓullo da koren kaya, yarinya ta koma wajensa. Yaro ya faɗa rafin, Allah ya kiyashe mu. Waƙar ƙarshe rafin ne da kansa yake rarrashinsa kamar jariri.

Sadiq_Samaru:
Kai Baba, ashe shi ya sa wajen ƙarshe jikina yake yin sanyi. Na gode sosai, Allah ya ƙara lafiya.

Maman Hanifa:
Ni dai gsky na fi son na Jamusancin, shi Schubert a kan sautin waɗancan kalmomin ya ɗora kiɗansa, in an canza harshe dole wani abu ya goce. Amma Sadiq ka koma waƙa ta 16 ka kasa kunne ga fiyanon kawai, sauti ɗaya yake ta bugawa daga farko har ƙarshe baya saki, wai yaron ne tunani ɗaya ya riƙe masa zuciya. Ni nan ne nake ajiye abin da nake yi.

Dattijon Tudun Wada:
Maman Hanifa maganarki na kan hanya, amma ban yarda an yi asara ba. Ki ji yadda Vinogradov yake jan wasula, baya kukan ƙarya baya matsa wa waƙa, ko a ta 14 inda yaron ke zazzaga wa maharbi masifa da sauri kalmominsa fes suke fita. Kamar mai kuntigi ne, murya ɗaya kayan kiɗa ɗaya, in babu gaskiya a maƙogwaro ba inda za ka ɓuya. Kuma Schubert ɗin nan shekara 31 kacal ya yi a duniya fa, 1828 ya rasu a Vienna, ya bar waƙa sama da 600.

Maman Hanifa:
To Baba na ji, zan sake saurara da daddare in yara sun kwanta. Sadiq turo min wanda ka samu ɗin, nawa rabi ne ya yanke tun kafin maharbin ya shigo.