Kantin gilashi ko mai tebur na unguwa?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum jama'a. Madarar gwangwani iri guda, kamfani guda, amma a kanti mai gilashi da kilim (na'urar sanyaya wuri) na unguwar Plateau a Yamai ta fi tsada bisa ta kasuwar Katako ko Wadata, kuma uwargida ta ce sam ita can za ta saya. Kyan wuri muke biya ko mi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam malam. Uwargidanka ta yi gaskiya wlh. Zafin Yamai a watan Afrilu yana wuce digiri 40, yawut da man shanu in ba a firigo suke ba wa zai yarda da su, ga shi kuma an rubuta kuɗi jikin kaya ba sai an dubi takalminka an yanka maka farashi ba, kuma in ka biya su ba ka tikiti.

Na Wadata:
Hajiya gilashi ba ya hana ha'inci fa, ku riƙa duba ranar lalacewa a gindin gwangwani ko ina ne. Ni mai tebur na unguwarmu na riƙe, tiyarshi cike take, yana ba ni bashi har ƙarshen wata, in biskit ya tsufa shi da kanshi zai ce kar ka ɗauka.

Mai Butik:
Ni a Tawa nike da shago. Tunda na yi fenti na sa fitila na jera kaya, ma'aikata sunka fara shigowa, amma tsofaffin unguwa sun ja baya wai na yi tsada, alhali ko dala ban ƙara ba.